Layukan Baba a Ƙarƙashin Sunana

Kwana biyar da rasuwar Baba na danna wani ɗan koren madanni a kwamfutarsa, wanda bai fi ƙwayar wake girma ba, sunansa ya ɓace daga kan aikin da ya shekara biyu yana yi. Ba wanda ya sa ni, ba wanda ma ya san na buɗe kwamfutar. A gidanmu an san ni da ƙarin gishiri. Idan na shigo da gudu na ce na ga kada, Inna ba ta ko ɗaga kai, ta san ƙadangare ne a bayan randa. Amma wannan karon yadda na faɗa haka aka yi: yatsa ɗaya, dannawa ɗaya.

Bayan Baba ya yi ritaya daga koyarwa, wata ƙungiya da ke tura wa manoma saƙonni ta waya ta ɗauke shi aikin fassara. Daga can wani ofis da ba mu taɓa gani ba ake zuba saƙonnin da Turanci a cikin wata manhaja ta intanet, shi kuma ya shimfiɗa tabarma a tsakar gidanmu a Azare ya mayar da su Hausa. Lokacin shuka gyaɗa, yadda ake ajiye wake kada ƙwari su cinye, ranar yi wa shanu allura, irin waɗannan. Kowane saƙo layi ɗaya ne, Turanci a hagu, Hausa a dama. A can gefe kuma, da 'yan mitsi-mitsin haruffa, akwai sunan wanda ya taɓa layin a ƙarshe. Ni a tunanina sunan wanda ya rubuta ne.

Baba ba ya rubuta layi sai ya faɗe shi da baki sau uku, da ƙarfi, kamar yana magana da wani kurman manomi a ƙarshen unguwa. Kajin gidanmu kaf sun san nisan da ake bari tsakanin kunya da kunya. Inna tana madafi tana jinsa, wani lokaci ta gyara masa ba tare da ta leƙo ba.

Yana da wata ɗabi'a kuma. A manhajar, idan ka gama layi akwai ɗigo ruwan goro a gefensa, sai ka danna Tabbatar ya koma kore. Baba bai taɓa dannawa ba, ko sau ɗaya.

"Ni ban tabbatar ba," in ji shi. "Na dai yi iyakar ƙoƙarina. Tabbaci na Allah ne."

Wadda take duba aikinsa wata ma'aikaciyar gona ce, Kirista daga kudancin Bauchi, ta daɗe a Azare har ta fi wasu 'yan garin sanin lungunansa. Anti muke ce mata. Ta yi fama da shi a kan wannan madanni har ta gaji, ta riƙa sa hannu a nata wurin tana tura saƙonnin a haka. Ita ce ta buɗe mini asusun 'yan koyo a wani dogon hutu, da Baba ya kai mata ƙara cewa na hana awakin unguwa sakat.

Layukana na farko duk ta dawo mini da su. Inda Baba zai ce a bar wake ya bushe sarai har sai ya yi ƙara a haƙori kafin a zuba a buhu, ni sai in rubuta a busar da wake kafin ajiya, in miƙe ƙafa. Ta ce saƙona kamar umarnin soja. To ni tun ina ƙarami sana'ata kwaikwayon Baba ce, tarinsa, tafiyarsa, yadda yake kallon mutum ta saman tabarau. Sai na mayar da sana'ar cikin rubutu. Na ɗauko "ɗan'uwa manomi" na liƙa a farkon layi, na barbaɗa "sarai" da "a yi hattara" kamar yaji. Ba a yi mako biyu ba ta daina dawo da komai. Wata rana har ta tsaya da babur ɗinta a ƙofar gida ta ce, "Malam, layin nan naka na riɗi ya yi daɗi." Nawa ne. Na yi dariya har na faɗa kan buta.

Baba ya kalle ni ta saman tabarau ya ce, "Ɓarawon murya."

Ya rasu ranar wata Laraba da hantsi. Ya ce kansa na ciwo, ya kwanta, kafin a samo mota an gama. Abin da na fi tunawa a kwanakin nan tabarmi ne da butoci. Ni ne auta, ni ake aika, na shimfiɗa, na naɗe, na cika, na zubar. Mutane suka zo daga Misau, daga Giade, wasu tsofaffin ɗalibansa daga inda ban taɓa jin sunansa ba. An ce mini in yi haƙuri sau da yawa har da haƙurin gero ne da mun cika rumbu uku mun sayar da saura. Kowa ya yi kuka, har maƙwabcinmu da suka shekara goma ba sa ga maciji da Baba a kan magudanar ruwa. Ni ko ɗigo. Jikina gaba ɗaya ya zama kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta, ka mintsina ba ka ji komai.

A rana ta biyar, bayan azahar, mutane sun ɗan ragu. Na shiga ɗakin Baba na buɗe kwamfutar, ban san me nake nema ba. Da asusuna na shiga, don kalmar sirrinsa ya tafi da ita, dama yakan ce tsakaninsa ne da Ubangijinsa. A saman manhajar akwai akwatin nema, kusa da shi akwai wurin tacewa, inda za ka ce a nuna maka na wane kaɗai. Na zaɓi sunan Baba. Layi ɗari takwas da goma sha biyu suka jeru.

Na yi ta gangarawa ƙasa. Ban karanta ba sosai, ɗigon ruwan goron nan nake kallo, ɗaya bayan ɗaya, babu kore ko guda. Sai ya yi mini kama da ɗakin da mai shi ya fita bai ja ƙofa ba. Na ce a raina mutum ya gama aikinsa, bai kamata allo ya riƙa nuna kamar da saura ba. Akwai ɗan akwati a sama da ke zaɓar duk abin da nema ya fito da shi. Na taɓa shi. Na danna Tabbatar.

Wani ɗan zobe ya yi ta juyawa, sabis ɗin unguwarmu dama sai ka yi alwala ka dawo kafin shafi ya buɗe. Can sai komai ya zama kore shar, kamar gonar gyaɗa a tsakiyar damina. Na zauna ina jira in ji wani abu. Ban ji ba.

Daga nan shafin ya sabunta kansa, ya rubuta mini: babu sakamako.

Na sake zaɓar sunan Baba. Babu sakamako. Na rubuta shi da hannu a akwatin nema, harafi bayan harafi. Haka dai. Sai na zaɓi nawa sunan, layi dubu ɗaya da ɗari da biyu suka fito, nasa da nawa a cakuɗe, kowanne da sunana a gefe da kwanan watan wannan ranar. Ni ne na taɓa su a ƙarshe.

Na rufe kwamfutar na fita na ci shinkafa da wake, kwano biyu.

Ranar Asabar bayan addu'ar bakwai Anti ta sake zuwa. Ta yafa mayafi, ta cire takalmi tun daga bakin ƙofa, ta zauna a ƙasa kusa da Inna a ɗakin da take takaba. Ina gefe ina zuba musu ruwa. A cikin hira ta ce aikin saƙonnin ya zo ƙarshe, ranar Juma'a mai zuwa za a rufe manhajar ga kowa.

Inna ta ce, "Waɗannan maganganun da Malam yake yi da kwamfuta, ana iya fito da su a takarda?"

"Sosai, Hajiya. Sunansa kawai za a nema, a buga. Auta ma ya iya."

"Nasa kaɗai nake so. In ajiye."

Tun da aka yi rasuwar ba ta nemi komai a wurin kowa ba sai wannan. Na ci gaba da zuba ruwa har kofin ya cika ya malala a kan leda.

A ƙofar gida na tare Anti tana ƙoƙarin tayar da babur. Na faɗa mata. Ban ƙara ko ƙwayar gishiri ba, shi ya sa labarin ya fito gajere.

"Duka?" ta ce.

"Duka."

"Ɗari takwas ɗin?"

"Da sha biyu."

Ta kashe babur ɗin. Na so ta zage ni, ko ta ja mini kunne, na ma ɗan miƙa mata shi.

"Shekara biyu ina roƙon Malam ya danna abin nan," ta ce. "Ka zo ofis Litinin da safe. Ka ci abinci kafin ka zo, ba na koyar da mai yunwa."

A ofis ta fara da sauke layukan gaba ɗaya a cikin filashi, don kada mu rasa rubutun kansa. Ta ce manhajar tana ajiye tarihin kowane layi, wanda ya fara rubutawa da wanda ya gyara, amma manyan can ofishin ne kaɗai suke iya buɗe shi. Ta rubuta musu saƙo a gabana, da Turanci mai ladabi. Sannan ta juyo da kwamfutar wajena.

"Kafin su amsa, nema za mu yi. Wace kalma ce Malam kaɗai yake faɗa?"

Na ce sarai. Ta nuna mini yadda ake sa kalma tsakanin 'yan ƙugiyoyin nan biyu na ɗauko magana, don manhajar ta kawo ita daidai ba 'yan uwanta ba. Na rubuta. Layuka suka zubo kamar an kwance bakin buhu. Ta karanta na farko ta ce na Malam ne. Na ce nawa ne. Ta karanta na biyu ta ce to wannan kam nasa ne. Na ce ina jin nawa ne, ban dai tabbata ba. Muka gwada "ɗan'uwa manomi", muka gwada "a yi hattara". Duk inda Baba ya taka, ga sawuna a kai.

Ta cire tabarau ta aje. "Wato duk hutun nan wasa kake yi da hankalina."

"Eh, Anti."

"Kuma ina ta yabon Malam."

"Yana jin daɗi ai."

Ta yi 'yar dariya ta hanci, ba ta kai ko'ina ba ta tsaya.

Abin da ya cece mu kwanan wata ne, amma ba na taɓawa ba, wannan na riga na lalata shi. Akwai wani na daban, ranar da aka zuba Turancin a manhajar, wanda ba ya canzawa ko wa ya taɓa. Aiki yakan zo ne kashi-kashi, Baba kuma ba ya barin kashi ya kwana biyu. Don haka duk abin da aka zuba kafin ranar da aka buɗe mini asusu nasa ne, babu tantama. Ta nuna mini inda ake sa daga ranar kaza zuwa ranar kaza. Layi ɗari biyar da talatin suka ware gefe guda. Ta ce in yi hamdala, na yi.

Sauran na bayan zuwana ne, a nan muke a cakuɗe. Sai ta tuna da sharhi. A ƙarƙashin kowane layi akwai wurin da mai fassara yake barin magana ga mai dubawa, kuma sunan mai sharhi ba ya gogewa. Ta canza wurin neman daga fassara zuwa sharhi, ta ce in sa sunan Baba. Na sa. Karon farko cikin kwana bakwai allon ya nuna sunansa.

Yawanci faɗa yake yi da Turancin. "Wanda ya rubuta wannan bai taɓa riƙe fartanya ba." "A Udubo ba a cewa haka, dariya za su yi mana." "Na san ya yi tsawo. Ba zan ba dattijo umarni ban gaishe shi ba." Duk layin da yake kare kalmominsa a ƙarƙashi muka sa a nasa, hamsin da takwas. Ana cikin haka muka zo kan wani na ajiyar riɗi, sharhin ya ce: "Wannan na Auta ne, ya sace mini murya. A bar shi, ya yi daidai."

Anti ta tashi ta ce za ta duba wani abu a waje. Ni na zauna. Akwai ƙuda a kan allon, yana tafiya a kan kalmar daidai, na bi shi da ido har ya tashi. Na cire layin daga na Baba na sa a nawa.

Talata ba amsa daga can ofishin. Laraba ba amsa. Ranar Alhamis Anti ta sake rubutawa, wannan karon ladabin ya ragu. Ni kuma na zauna na tsince layukana na farko, masu kama da umarnin soja, waɗanda ko makaho ya shafa ya san ba na Baba ba ne. Duk da haka kusan ɗari huɗu suka rage waɗanda ban san na wa ba ne. Na yi kwaikwayon da kyau har na ɓatar da kaina. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na gwada shiga, manhajar ta ce asusun ba ya aiki.

Da la'asar na shiga wurin Inna na durƙusa na faɗa mata. Ta saurara tana jan carbi. Ban san ko ta gane zancen ɗigon kore da na ruwan goro ba, amma da na zo kan cewa Baba bai taɓa danna Tabbatar ba sai ta gyaɗa kai, wannan ta san shi.

"Waɗanda suka rage suna ina?"

"Suna cikin filashi."

"Karanto mini su."

Washegari bayan azahar muka fara. Na jingina da bango da kwamfutar a cinya, tana zaune a kan darduma, idonta a rufe. In karanta, ta yanke hukunci.

"Nasa ne."

"Nasa ne."

"Wannan naka ne. Malam ba ya ce wa manomi dole."

"Nasa ne. Ranar nan ina tuyar ƙuli, sau uku ya faɗa, na ce masa ya cire kalmar ƙarshe, ya ƙi."

Haka take tuna su, da abin da ke kan wuta a ranar. Na allurar shanu ranar miyar kuka ce. Na feshin wake ranar da tukunya ta ƙone saboda ta tsaya musu da shi. Wani lokaci ta ce in maimaita a hankali, in daina gudu kamar mai karanta sanarwar rediyo. Sau ɗaya na gwada yi mata da muryar Baba, har da ɗan tarin. Ta buɗe ido ta ce, "Da taka muryar." Ban sake ba.

Goggo, yayar Baba da ta zo daga Misau take taya Inna zama, ta leƙo ta same mu a kan ƙwarin wake.

"Yanzu ke kina cikin takaba, abin da za a riƙa karanta miki ke nan? Ga Alƙur'ani a gidan?"

"Na yi nawa da safe, Yaya," in ji Inna. "Auta, na gaba."

Goggo ta zauna, wai don ta ga ƙarshen abin. Ba a jima ba ita ma ta fara sa baki, tana cewa ɗan'uwanta ba zai taɓa faɗin haka ba. Sau biyu ta faɗa, duka biyun a kan layukan da Inna ta riga ta tuna miyar ranar.

A rana ta uku na karanto wani layi na lokacin zafi: "Ɗan'uwa manomi, idan rana ta take a nemi inuwa a sha ruwa, gonar ba za ta gudu ba."

Wannan na san shi. Ni na rubuta, wata Asabar, ina shan rake, har ruwan raken ya ɗiga a madannai na goge da riga kafin Baba ya gani. Yana cikin 'yan kaɗan da suka dawo mini sarai da na ji su a bakina.

Inna ta buɗe ido.

"Nasa ne," ta ce. "Wannan ko daga barci aka tashe ni na san nasa ne. Haka yake ce mini in na ƙi zama."

Goggo ta share ido da gefen mayafi ta ce ƙwarai kuwa.

Na kalli layin. Na sa shi a na Baba.

Muka ƙara 'yan kaɗan, sai ta ɗaga hannu ta ce ya isa. Na ce saura kamar sittin. Ta ce ta ji, ya isa haka, kanta ya gaji. Na ɗauka gobe za mu ci gaba. Da na kawo kwamfutar washegari ta ce in mayar.

Anti ce ta kai na Baba shagon buga takardu da ke kusa da tasha, aka buga, aka yi masa bango shuɗi da sunan Baba a kai. Layi ɗari bakwai da saba'in da biyar ne a ciki. Saura talatin da bakwai ke nan kafin su cika yadda na gan su a rana ta biyar, ko talatin da takwas idan aka cire na raken. Can ofishin ba su taɓa amsawa ba. Takardar tana cikin akwatin Inna a ƙarƙashin zannuwanta, sauran sittin ɗin suna cikin filashi a aljihun jakar makarantata, kuma har yau ban faɗa mata cewa na raken nawa ne ba.